Sakan 40 ga Kowace Tambaya

Ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta ranar jarrabawar JAMB, tambayoyi 180 ne ke jiransa: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku da ya zaɓa. Awa 2 aka ba shi. In aka raba minti 120 ga tambayoyi 180, kowace tambaya ta tashi da sakan 40. A cikin wannan ɗan lokaci ne zai karanta tambayar da Turanci, ya gane abin da ake nema, ya tuno hanyar da za a bi, ya yi aikin a 'yar takardar da aka ba shi, sannan ya danna amsa. Wannan rabawa ita ce lissafin farko da ya kamata duk mai shiri ya yi tun yana gida, amma da yawa ba sa yin ta sai agogon da ke kan allon kwamfuta ya yi musu.

Sakamakon shekarun nan ya nuna inda abin ke ƙarewa. A 2024 hukumar ta saki sakamakon ɗalibai sama da miliyan 1.8, kuma kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Waɗanda suka samu 300 zuwa sama su 8,401 ne kacal. A 2025 ma, a sakamakon farko da aka fitar, sama da miliyan 1.5 ne suka gaza kai 200. Adalci ne a ce ba duka laifin yara ba ne. A shekarar ta 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har aka sake musu jarrabawar. Ga kuma makarantun da yaro zai gama babbar sakandare bai ga tsayayyen malamin lissafi ba, da ajujuwan da ko wurin ajiye littafi babu saboda cunkoso. Wannan nauyin hukuma ne, kuma ba za a daina faɗa mata ba. Sai dai yaron da jarrabawarsa ta rage wata huɗu ba zai zauna jiran a gyara ƙasa ba. Abin da ke hannunsa shi ne awoyin da yake da su, kuma a nan ake tafka asarar da ta fi ciwo, domin masu ƙoƙari ne ke yin ta.

A ɗauki lissafi. Mai son karatun injiniya, ko kimiyyar kwamfuta, ko tattalin arziki, ko akanta, lissafi na cikin darussa huɗun da zai rubuta, kuma maki 100 ne a kansa. Mai son likitanci ba ya rubuta shi a JAMB, amma sai ya kawo kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, kuma fiziks da kemistiri cike suke da shi. Kaɗan ne ƙwarai suka tsira daga gare shi.

Da zarar an fara sayar da fom, sai teburan masu littattafai a Sabon Garin Kano da bakin ƙofofin makarantu su cika da kundin tambayoyin shekarun baya. Tun 1978 JAMB ke shirya jarrabawa, saboda haka kundin yana da kauri. Ɗalibi ya saya, ya koma gida da niyya mai kyau. Bayan sallar isha'i ya buɗe, ya karanta tambaya ta farko, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ga ba ta zo masa ba, ya juya bayan littafi inda aka warware ta. Layi na farko ya gane, na biyu ya gane, na uku ma haka. Ya gyaɗa kai ya ce, “Ashe ma abin da sauƙi.” Ya wuce ta biyu. Kafin barci ya ɗauke shi ya bi ta kan tambayoyi 40, zuciyarsa wasai, fensirinsa kuwa ko fiƙewa bai buƙata ba.

Wannan ɗalibi ba malalaci ba ne, kuma da gaske ya gane abin da ya karanta. Matsalar ita ce bin sawun hanyar da wani ya riga ya share aiki ne daban da samo hanyar da kai. Ranar jarrabawa ba za a tambaye shi ko ya yarda layi na biyu ya fito daga na farko ba. Za a ba shi tambaya tsirara, a ce ya kawo layin farkon da kansa, kuma shi ne abin da bai taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya.

Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu sun auna wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce su koya. Wasu suka yi ta maimaita karantawa. Wasu suka karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye: masu maimaitawa suka tuna kashi 40 cikin 100, waɗanda aka yi ta gwadawa suka tuna kashi 61. Abin da ya fi jan hankali shi ne masu maimaitawar ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun kafin a auna shi a Amurka. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya ji a ransa cewa ya iya. Sai ya kifa allon, ya biya wa malam da ka, in ya yi tuntuɓe a mayar da shi. Bayan ya wuce ma ba a bar shi ba, akwai tishe, ana komawa baya ana jan abin da aka wuce don kada ya zube. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin mamaki shi ne yaron da ya yi shekaru a kan wannan tsari, in ya ɗauki littafin lissafi sai ya ajiye shi gefe, ya koma kallo da gyaɗa kai.

Gyaran ba shi da tsada. Ya sa takarda ya rufe amsa, ko ya cire shafukan amsoshin gaba ɗaya ya ba ƙaninsa ajiya. Ya ɗauki tambaya ya yi ta da hannunsa har ƙarshe, ya rubuta amsarsa a fili yadda ba zai iya musanta ta daga baya ba. In ta ƙi, kada ya yi saurin sallamawa: ya ba ta minti 5 na gaske, ya zana hoto, ya rubuta abin da aka ba shi da abin da ake nema, ya gwada da ƙananan lambobi. In har yanzu ta ƙi, to ya leƙa layin farko na warwarar kaɗai, ya sake rufewa, ya ci gaba da kansa. Mintunan nan na kokawa su ne ɗalibai suka fi tsana, suna ganinsu ɓata lokaci, alhali a cikinsu ne karatun ke shiga. Tambayoyi 10 da aka yi haka sun fi 40 da aka karanta.

Akwai togaciya a nan. Wanda bai taɓa ganin logaridim ba, zama ya yi ta kallon tambaya ba zai haifar masa da ƙa'idarta ba. John Sweller da abokan aikinsa a Ostareliya sun nuna tun shekarun 1980 cewa sabon shiga ya fi koyon aljabara in ya fara da nazarin misalin da aka warware, sannan nan take ya warware mai kama da shi. Saboda haka a sabon babi, ya karanta misali ɗaya a tsanake yana tambayar kansa dalilin kowane layi, ya rufe, ya sake yin sa da ka, sannan ya ɗauki ɗan'uwansa da ba a warware ba. Littafin New General Mathematics da makarantu da yawa ke amfani da shi a kan wannan tsari aka gina shi, misali sannan aiki. Yawancin ɗalibai misalan suke karantawa su tsallake aikin.

Sai batun zaɓin amsa, wanda ya cancanci a daɗe a kansa. Amsoshi huɗu ake jerawa, A zuwa D, kuma ukun da ba daidai ba ba daga sama ake tsinto su ba. Mai tsara tambaya ya san kurakuran da yara suka saba yi, sai ya bi kowane kuskure har ƙarshensa ya ajiye sakamakon a cikin zaɓin. A ce ɗan kasuwa ya sayar da buhun masara naira 36,000 ya ci ribar kashi 20 cikin 100, nawa ya sayo shi? Mai gaggawa zai cire kashi 20 daga 36,000, ya samu 28,800, ya duba ya gan ta zaune a zaɓi, ya danna da murna. Amma a kan kuɗin saye ake lissafa riba. Naira 36,000 ɗin kashi 120 ne na kuɗin saye, saboda haka 30,000 ya sayo shi, ribarsa 6,000. Da ya tsaya sakan 5 ya gwada amsarsa, da ya ga kashi 20 na 28,800 shi ne 5,760, in an haɗa su 34,560 ne, ba su kai 36,000 ba.

Ga wata da ke kayar da har masu ƙoƙari. Mota ta je wani gari da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da gudun 40. Mene ne matsakaicin gudunta? Hannu na rawa ya danna 50. A ɗauka nisan kilomita 120 ne: zuwa awa 2, dawowa awa 3, an ci kilomita 240 a awa 5, wato 48 a awa. Motar ta fi daɗewa tana tafiyar sannu, shi ya sa amsar ta karkata wajen 40. Haka nan kayan da aka ƙara wa kuɗi da kashi 20 sannan aka rage kashi 20 ba su koma inda suke ba: 100 ta zama 120, ta dawo 96. Ganin amsarsa a cikin zaɓi ba hujja ba ce ga ɗalibi cewa ya yi daidai, kuma wanda bai taɓa faɗawa irin wannan rami a gida ba, a zauren jarrabawa zai fara faɗawa.

Zaɓin kuma yana da amfaninsa ga mai wayo. Shekarun uba sun ninka na ɗansa sau 3, nan da shekara 12 za su ninka sau 2, shekarun ɗan nawa ne, 8, 10, 12 ko 15? Wanda aljabara ta kuɓuce masa zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya. In 10 ne, uban 30, nan gaba 22 da 42, bai yi ba. In 12 ne, uban 36, nan gaba 24 da 48, ya yi. Ba ha'inci ba ne, hanya ce halattacciya, sai dai ita ma sai an saba da ita kafin ranar.

George Pólya, masanin lissafi ɗan Hungari da ya koyar a Jami'ar Stanford, ya fitar da wani ɗan littafi a 1945 inda ya kasa warware matsala mataki huɗu: a fahimce ta, a tsara hanya, a bi hanyar, sannan a waiwayo a duba abin da aka yi. Matakin ƙarshen shi ne wanda kusan kowa ke yarwa. Ɗalibi ya yi wa kansa maki, ya ga 22 cikin 40, ya ji daɗi ko ya ji haushi, ya wuce shekara ta gaba. Guda 18 da ya faɗi kuwa, waɗanda su ne dukiyar da ya samu a wannan zaman, ya bar su a nan.

A ƙasar Sin, inda sama da ɗalibai miliyan 13 suka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a ta gaokao a 2024, sananniyar al'ada ce ɗalibi ya riƙe littafi na musamman don tambayoyin da ya faɗi. Ba sai an kwaikwayi tsananin da yaran can ke sha ba kafin a ɗauki wannan, littafin rubutu mai shafi 60 ya isa. Duk tambayar da ta kayar da shi ya kwafe ta, a ƙasa ya rubuta dalilin faɗuwar da kalmominsa, da Hausa ma in ya fi masa. “Ban kula ba” ba dalili ba ne. Dalili shi ne, “na manta alamar ragewa tana shafar duk abin da ke cikin baka,” kamar wanda ya buɗe 3 − (x − 4) ya rubuta −1 − x maimakon 7 − x. Ko kuma, “an ba ni faɗin da'ira daga baki zuwa baki, na yi aiki da shi kamar daga tsakiya ne.” Ko, “na fahimci Turancin a kan aƙalla 2, ashe bai wuce 2 ba ake nufi.” Ko kuwa kai tsaye, “ban san wannan babin ba sam.”

Bayan mako uku littafin zai fara magana. Ɗalibin da ke cewa shi lissafi gaba ɗaya ne ba ya ganewa zai tarar rabin faɗuwarsa daga abu biyu ko uku take fitowa. Kowane iri kuma maganinsa daban. Wanda alama ke kayarwa rubuta kowane mataki yake buƙata, ya daina tsallake a ka. Wanda Turanci ke kayarwa ya dinga mayar da tambaya Hausa da bakinsa kafin ya taɓa lamba. Wanda bai san babi ba ya koma littafin aji. Kuma tambayar da ta shiga littafin ba ta fita sai an sake warware ta a rufe bayan kwana biyu ko uku, an kuma sake bayan mako biyu.

Wani abin da ke yaudarar masu himma shi ne yin babi-babi. Yau tambayoyin logaridim 30 a jere, gobe na kusurwa 30. Daga ta biyar hannu ya sake, amsa sai fitowa take, ɗalibi ya ce ya gama da wannan babi. Amma kan shafin ne ya riga ya faɗa masa dabarar da zai yi amfani da ita. A jarrabawa babu kan shafi. Tambaya ta 7 ta jerin lambobi ce, ta 8 ta yiwuwar aukuwa, ta 9 ta kalkulas, kuma rabin aikin shi ne gane wacce ce wacce. Doug Rohrer da Kelli Taylor na Jami'ar Kudancin Florida sun gwada wannan a 2007. Sun koya wa ɗaliban jami'a yadda ake auna cikin wasu siffofi huɗu da ba a saba gani ba. Rukuni ɗaya ya yi atisaye siffa bayan siffa, ɗayan aka cakuɗa masa. A lokacin atisaye masu bi daki-daki sun ci kashi 89 cikin 100, masu cakuɗe 60. Bayan mako guda masu daki-daki suka faɗo 20, masu cakuɗe suka ci 63. Daga baya Rohrer da abokansa sun maimaita gwajin a ajujuwa na gaske da yara 787, aka fitar da sakamakon a 2020: a gwajin bazata bayan wata guda, masu cakuɗe 61, sauran 38.

Saboda haka babi-babi na ranar koyo ne kawai. Da zarar an kama babi, sai a jefa shi cikin 'yan'uwansa. Zaman yau ya ƙunshi 'yan tambayoyi daga abin da aka koya yau, wasu daga makon jiya, wasu daga watan jiya. Makin da ɗalibi ke ba kansa zai sauka, zai ji kamar baya yake ci, kuma a nan ne da yawa ke komawa tsohuwar hanya mai daɗi. Ya daure. Awa guda kullum na wata huɗu ya fi kwanan zaune na mako biyun ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. A nan iyaye ma suna da nasu: yarinyar da za ta rubuta jarrabawa ɗaya da yayanta, in daga makaranta sai wanke-wanke da girki da raino har dare, ba a ba su fili ɗaya ba. Awa guda da aka keɓe mata, wadda ba mai kiran sunanta a ciki, taimako ne da ya fi kuɗin lesin.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin samari da 'yan mata, wai “ni ba ni da kan lissafi.” In aka zauna da mai faɗin haka, sau da yawa ba kalkulas ce ta gagare shi ba. Tushe ne ya tsage tun ƙaramar sakandare ko firamare: haɗa rabi da sulusi, lambobin da ke ƙasa da sifiri, jadawalin ninkawa. Manhajar JAMB ta kasa lissafi gida biyar, wato lambobi, aljabara, jometiri da tirigonometiri, kalkulas, da ƙididdiga, kuma dukansu a kan wannan tushe suke zaune. Ba abin kunya ba ne ɗan aji shida ya ari littafin ƙanwarsa ta aji ɗaya ya yi mako biyu a kai. Yaron da ke cewa ba shi da kan lissafi shi ne ke zama a shagon babansa yana ba da canji ba ya kuskure. Ya kuma taso cikin al'ummar da malamanta ke rabon gado: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 3 da mace 1, iyayensa sun riga shi, bayan biyan bashi da wasiyya an samu naira 800,000. Matar ta ɗauki tumuni, 100,000. Ragowar 700,000 a kasa ta 7, kowane namiji kaso biyu, 200,000, macen 100,000. Tambayar da JAMB ke yi a kan raba kuɗi bisa 2:2:2:1 ke nan ba ragi. Littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda aljabara ta tsiro daga gare shi, babban ɓangarensa matsalolin gado da wasiyya ne. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Bakatsine ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, irin wanda kowane layi ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamanin nan kuma Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa, ya yi digirin digirgir a Kambirij ya dawo ya koyar da lissafi a Zariya har ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Kundin tambayoyin baya shi kansa sai an yi hattara da shi. 'Yan kasuwa ne ke buga yawancinsu, kuma akwai amsoshin da ba daidai ba a ciki, akwai tambayoyin da aka sauya wa lamba wajen bugawa. In ɗalibi ya bi aikinsa sau biyu ya tabbata, littafi kuma ya ce a'a, ya kai wa malami ko abokin da ya fi shi. Manhajojin waya masu warware tambaya daga hoto, har da masu ƙirƙirarriyar basira, su ma suna kuskure, kuma sun fi bayan littafi haɗari don sun fi shi saurin ba da amsa. Amfaninsu bayan an gama kokawa ne. Masu haddace cewa amsar tambaya kaza ta shekara kaza C ce kuwa, canja lamba ɗaya ya isa ya rushe musu komai. Su kuma masu tallan cewa suna da tambayoyin bana, ko za su ƙara wa mutum maki in ya tura kuɗi, 'yan damfara ne, kuma wanda ya bi su yana iya rasa kuɗin da sakamakon gaba ɗaya.

Haddar da ke da amfani tana nan, kuma ba ta da yawa: ninkin lamba da kanta har zuwa 20 ko 25, cewa 1/8 daidai yake da 0.125, sin 30° rabi ne, alwatika mai gefuna 3, 4, 5 ko 5, 12, 13 tana da kusurwa 90°. Ba a shiga zaure da kalkuleta ko agogo ko waya. Akwai ƙaramar kalkuleta a kan allon kwamfutar, amma buɗe ta da danna lambobi ɗaya-ɗaya yana cin lokacin da wanda ya riƙe waɗannan a ka ba ya kashewa.

In an yi rukunin karatu, mutum uku ko huɗu sun isa, kuma kowa ya zo da aikinsa a rubuce. Rukunin da gwani ɗaya ke warwarewa a allo sauran na kallo, bayan littafi ne ya tashi tsaye yana magana. Wanda ya fi rauni shi ya kamata a miƙa wa alli.

Wata biyun ƙarshe na agogo ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yanzu akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gabanta. Hukumar ta sauƙaƙa abin yadda maɓallai kaɗan sun isa: A, B, C da D na zaɓar amsa, N a wuce gaba, P a koma baya, S a miƙa aiki. Tun 2017 take shirya jarrabawar gwaji ga mai so, kuma duk wanda ke da hali ya yi ta. Wanda bai samu ba ya nemi cibiyar kwamfuta ko ya ari wayar wani, aƙalla sau ɗaya a mako ya zauna awa 2 cur da darussa huɗun, ba tashi, ba leƙe. A irin wannan zama ne zai gano rabon da ya dace da shi. In ya iya gama Turanci a minti 30, sauran biyun minti 25 kowanne, ya bar wa lissafi minti 40, wato minti guda ga kowace tambaya maimakon sakan 40.

A cikin minti 40 ɗin ma ba a bin tambayoyi kamar layin awo. Makin mai sauƙi da na mai wuya ba ya nuna a fuska, kuma tambaya ta 3 tana iya cinye minti 6 alhali ta 35 da ta 36 kyauta ce ke jira a can ƙasa. Zagayen farko ya kwashe duk wadda hanyarta ta bayyana masa da karantawa, ya rubuta lambar sauran a takardarsa. Zagaye na biyu ya dawo kan waɗanda ya san hanyarsu amma suna son aiki. Abin da ya rage, ya soke zaɓin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar yiwuwar aukuwa da ta haura 1 ko tsawon da ya fito ƙasa da sifiri, ya zaɓa cikin sauran. Cankar makaho tana dacewa sau ɗaya cikin huɗu, in an soke biyu ta zama ɗaya cikin biyu. JAMB ba ta cire maki don an ba da amsar da ba daidai ba, saboda haka in ya ga saura minti 3, ya ajiye fensir ya bi darussa huɗun ya tabbatar babu tambayar da ya bari ba amsa kafin ya danna S.